Kagarar Kules ta Irakliyo: Yadda Aka Dasa Dutse a Bakin Teku

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni magini ne. Na ga hoton wani tsohon ginin dutse a bakin tashar jiragen ruwa ta Irakliyo, a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, ruwa ya kusa zagaye shi, an ce ya kusa shekara 500. Yaya aka yi aka kafa tushensa a cikin teku alhali ba siminti a lokacin? Me ya sa bangon ya yi kauri haka amma ginin bai yi tsawo ba? Kuma ya taɓa tare abokan gaba kuwa?"

Wa alaikumus salam. Ginin da ka gani shi ne mutanen garin ke kira Kules. Tambayarka uku ce: tushe, kaurin bango, da amfanin ginin a fagen yaƙi. Ta ukun ce mai gajeriyar amsa, don haka in ba ka ita tun yanzu: a babban yaƙin da aka yi a kan birnin, kagarar ba ta yi wani abin a zo a gani ba. Abokin gabar da ya hana ta sakat tun kafin magina su sauko daga kanta shi ne teku, kuma har gobe shi ne. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Birnin da ke da suna huɗu

Larabawan da aka koro daga Andalus, ƙarƙashin jagorancin Abu Hafs Umar, sun kama Kirit a shekarun 820. Suka kafa gari a gaɓar arewa, suka haƙa masa gwalalo, suka kira shi Rabad al-Khandak. Kalmar nan dai da ka sani daga Yaƙin Khandak ce. Rumawan Gabas sun ƙwace tsibirin a 961 a hannun kwamandansu Nikiforos Fokas, sunan ya koma Kandaks a bakinsu. Mutanen Benis, 'yan kasuwar teku na arewacin Italiya, sun sayi haƙƙin tsibirin a 1204, su kuma suka ce Kandiya. Irakliyo sunan da ake amfani da shi ne yau.

Benis ba don noma kawai ta riƙe Kirit ba. Jiragenta na lokacin masu tuƙi da filafili ne, cike da matuƙa, ba sa iya yin doguwar tafiya ba tare da sun tsaya ɗiban ruwa da abinci ba. Kandiya ce babbar mashayarsu a hanyar Iskandariyya da Sham. Har yanzu in ka tsaya a Kules ka dubi gari za ka ga ragowar dogayen rumfunan dutse inda ake ƙera jiragen da gyara su. Abin da kagarar ke gadi ke nan.

Da can hasumiya ce a wurin. Girgizar ƙasa ta 8 ga Agusta 1303, wadda ta taso da ambaliyar teku har ta taɓa hasumiyar Iskandariyya, ta lalata ta, aka gyara. Bayan Turkawa sun ci Kustantiniyya da manyan igwoyi a 1453, Benis ta gane tsofaffin ganuwoyinta sun zama tarihi, kuma a 1462 ta yanke shawarar sake wa Kandiya tsaro. A 1523 aka rushe hasumiyar, aka soma ginin da ka gani, aka kammala a 1540. Su suna ce masa Roka a Mare, wato kagarar teku. Kules kuwa daga Turkanci ya fito, Su Kulesi, hasumiyar ruwa.

Tushe a cikin ruwa

Akwai dutse na asali a ƙarshen gaɓar da ta rufe tashar daga arewa, amma bai kai faɗin da ake so ba. Sabon ginin ya ci fili kimanin murabba'in mita 3,600, kusan rabin filin ƙwallo. Sai da aka ƙirƙiro ƙasa inda babu ita.

Dabarar da suka yi ita ce: a samo tsofaffin jiragen ruwa da suka gama aiki, a cika su maƙil da duwatsun da aka fasa a tsibirin Diya da ke fuskantar garin da kuma yankin Faraskiya da ke yamma da shi, a ja su zuwa arewacin gaɓar, a daidaita su a inda ake so, a huda su su nutse. Ana jin haka sai a ce ai wannan zubar da shara ne. Ba haka ba ne, akwai lissafi a ciki.

Dutse na rage nauyi a cikin ruwa. Farin dutse mai ƙwari, mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, yana kai tan 2.5 a tudu. A teku ruwa na ɗauke masa sama da tan ɗaya. Wato kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ya tafi. Sannan nauyin dutsen da zai iya tsayawa a gaban igiyar ruwa ba ya ƙaruwa daidai da tsayin igiyar, ninkuwa yake yi: in tsayin igiya ya ninka biyu, dutsen da zai jure mata sai ya ninka takwas. Mutanen da ke lodi da hannu da igiya da kura ba za su iya ɗaga dutse mai tan goma-goma ɗari-ɗari ba. Abin da za su iya shi ne tara ƙanana dubbai a cikin akwati ɗaya, su zama jiki guda mai nauyin tan ɗaruruwa. Jirgin shi ne akwatin. Ga shi kuma shi ya kai kansa wurin, ba a nemi abin ɗauka ba.

Amma katakon ba ya daɗewa. A birnin Benis gidaje na zaune a kan turakun itace shekaru aru-aru, saboda turakun na binne cikin laka inda iska ba ta shiga. Itacen da ke cikin ruwan gishiri mai ɗumi kuwa, akwai wata tsutsar teku da ke huda shi kamar yadda gara ke cin azara, cikin 'yan shekaru ta gama da shi. Don haka aikin jirgin na wucin gadi ne: ya riƙe duwatsun har su zauna, su cije juna, yashi da tsakuwa su cike tsakaninsu. A ƙa'idar irin wannan aiki, bayan an nutsar da akwatunan ana zuba duwatsu a tsakaninsu da bayansu, manya daga waje inda igiya ke duka, ƙanana daga ciki, a bar tarin ya sha guguwar hunturu ya lafa, sannan a daidaita samansa a ɗora manyan sassaƙaƙƙun duwatsu a daidai fuskar ruwa. Daga nan ne gini na sosai ke tashi.

Matsalar wannan tushe biyu ce, kuma ka san su a aikinka. Ta farko, wani sashen gini na kan dutsen asali da ba ya motsi, wani sashen na kan ciko da ke ci gaba da zama. Inda suka haɗu nan tsaga ke fitowa. Ta biyu, igiyar ruwa in ta bugi bango ba komawa kawai take yi ba, tana zuƙe yashi da ƙananan duwatsu daga ƙarƙashi, sannu a hankali ta yi kogo. Kules na fuskantar arewa, inda iska ke kaɗowa da rani da hunturu, ba abin da ya tare mata sai Diya mai nisan fiye da kilomita 10. Shi ya sa tun zamanin Benis ba a daina gyaran gefen nan ba.

Abin da ya tsaya a madadin siminti

Farar ƙasa ce. Ana ƙona farin dutse a gidan wuta da zafin da ya kai digiri 900, a fito da shi ya zama ɗanyen ƙulli mai ƙuna, a zuba masa ruwa ya tafasa ya narke, a ajiye shi a rami da ruwa a samansa na tsawon watanni. Gaggawa a nan ita ke ɓata aiki: ɗan guntun da bai gama jiƙa ba zai kumbura daga baya a cikin bango ya fasa shafe. Gwargwadon da aka gada tun zamanin Rumawa shi ne kwano ɗaya na farar ƙasa, biyu zuwa uku na yashi.

Wannan kwaɓi iska ke sa shi ƙwari, kuma daga waje yake bushewa zuwa ciki, a hankali. A cikin ruwa ba ya kamawa sam. Kai, ko a tsakiyar bango mai kauri sosai yana iya ɗaukar shekaru masu yawa bai gama ƙanƙamewa ba. Magina na gabashin Bahar Rum sun san maganin haka: a daka jan bulo ko fasasshen tukwane a haɗa, ko tokar dutse mai aman wuta irin ta tsibirin Santorini da ke arewa da Kirit. Da wannan haɗi kwaɓin na kamawa ko da danshi. Turkawa na kiran na jan bulon horasan, kuma da shi ake shafe matattarar ruwa da rufin soro. Sai dai ginin da hannaye daban-daban suka yi ta gyarawa shekara 500 ba kwaɓi ɗaya ne a jikinsa ba. Ba wanda zai faɗa maka haɗin wani sashe daga kallon hoto. Sai an ɓanɓaro samfur an kai ɗakin gwaji.

Kada ka ɗauka farar ƙasa ƙanwar siminti ce marar ƙarfi. A irin wannan wuri taushinta alheri ne. Tana barin bango ya ɗan motsa ba tare da dutse ya fashe ba, tana barin danshi ya fita. Girgizar ƙasa ta 1856 ta kwantar da mafi yawan gidajen garin, Kules na tsaye.

Kauri da gajarta

Kaurin bangon waje ya kai mita 8.7 a wasu wurare. In ka jera bulo mai inci tara gefe da gefe, kusan 39 ke nan. Wasu bangayen ciki ma sun kai mita 3. Ba sassaƙaƙƙen dutse ne tun daga waje har ciki ba: fuska biyu ake ginawa da manyan duwatsu, a cike tsakiya da fasassun duwatsu da kwaɓi, sahu-sahu.

Dalilin igwa ce. Kafin albarushi, tsayi shi ne tsaro, don maharin tsani yake kafawa, kai kuma kana jifarsa daga sama. Da ƙwallon ƙarfe ya zo, dogon bango siriri ya zama abin hari mai sauƙi: a dage da dukan gindinsa, nauyinsa da kansa ya kayar da shi. Sai magina suka juya lissafin, suka rage tsayi suka ƙara kauri, suka ba gindin bango gangare don ƙwallo ya goce. Cikon tsakiya kuma yana shanye ƙarfin duka maimakon ya tarwatse. A ganuwoyin tudu ma ƙasa ake cikawa a bayan dutse saboda wannan, kuma dalilin ke nan da ya sa igwoyin Turawa ba su yi wa jikin ganuwar Kano komai ba a 1903, sai ta ƙofa suka shiga.

A Kules akwai ƙarin dalili biyu. Bangon shi ne kuma matarin igiyar ruwa, nauyinsa ke danne tushen. Sannan rufin ɗakunan ƙasa ɗaurin baka ne na dutse, irin tsarin bakan gizo, kuma ka san baka ba ƙasa kawai yake dannawa ba, yana tura bango waje. Ɗora masa igwoyi masu nauyin tan-tan a sama, kowace in ta tashi tana ja da baya da ƙarfi. Bangon da bai kai wannan kauri ba buɗewa zai yi.

Siffar ginin kashi biyu ce. Na kudu maso yamma, wajen gari, mai kusurwa huɗu ne kuma ya fi tsayi kaɗan. Na arewa maso gabas, wanda ya leƙa teku da bakin tashar, zagayayye ne kamar rabin ƙwai. Zagayen na ba igwoyi damar kallon kowace fuska, kuma ƙwallo ko igiyar ruwa ba sa samun shimfiɗaɗɗiyar fuskar da za su daka gaba da gaba. Ƙofofi uku ne, babbar tana yamma. A jikin bangon waje an dasa zakin Waliyyi Markus mai fukafukai, tambarin Benis, har uku, na farin marmara. Iskar gishiri ta cinye su sosai.

Ƙasan ginin ɗaki 26 ne. Akwai na ajiyar abinci da albarushi, da matattarar ruwan sama, da kurkuku, da manyan ɗakunan igwa masu tagogin harbi dab da fuskar ruwa. Hikimar ajiye igwa a ƙasa ita ce ƙwallon ya tafi a miƙe, ya sami jirgi a daidai inda jikinsa ke haɗuwa da ruwa, ko ya share matuƙan da ke jere. Harbi daga sama kan wuce ta kan jirgin da ya matso kusa.

A takarda dabara ce mai kyau. A aikace albarushin wancan zamani hayaƙi ne da shi mai kauri da warin ƙibiritu. Harbi kaɗan a rufaffen ɗaki, masu igwa ba sa ganin gabansu, numfashi ma ya gagara, duk da ramukan iska da aka bari a rufin. Tagar da aka huda cikin bango mai mita takwas kuma dole ta zama matsattsiya, don haka igwar ba ta iya juyawa sosai; jirgi na gilmawa, ya fita daga ganinta. In ka faɗaɗa tagar ka raunana bangon, ka kuma buɗe wa ƙwallon abokin gaba hanya. Saboda haka ƙarfin harbin ya koma kan soro, inda iska ke kwashe hayaƙi. Akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya mai gangare a ciki wadda ake jan igwoyi ta kanta zuwa sama, ban da matakala. Lissafin 1630 ya nuna igwa 18 a ƙasa, 25 a sama. A saman nan ne kuma aka yi ɗakunan sojoji da na hafsoshi, da gidan burodi, da wurin niƙa, da ɗan coci, da fitilar jagorar jirage.

Da yaƙi ya zo

Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta sauke rundunarta a Kirit a 1645, ta ci birnin Haniya a shekarar, ta ci birnin Retimno a 1646. A watan Mayu 1648 aka yi wa Kandiya ƙawanya, ba a ɗaga ba sai Satumba 1669. Shekara 21.

Abin da ya riƙe birnin duk tsawon nan ganuwar tudu ce, mai tsawon fiye da kilomita 4 da manyan gwiwoyi bakwai, wato sassan ganuwa da suka turo waje inda ake kafa igwa, wadda injiniyoyi irin su Mikele Sanmikeli suka tsara, da kuma jiragen Benis da suka ci gaba da shigo da abinci da sojoji. Turkawa ba su zo ta bakin tashar ba, inda Kules ke jiransu. Ta ƙasa suka zo, da ramuka da nakiyoyi a ƙarƙashin ganuwa. Da babban waziri Fazil Ahmad Fasha na gidan Koprulu ya karɓi ragamar yaƙin da kansa, daga 1668 ya matsa wa gwiwoyi biyu na bakin teku, Sant Andireya a yamma da Sabiyonara a gabas, wuraren da ganuwar ta fi rauni. Daga gaɓar ya kafa igwoyin da suka kai ga tashar, suka danne na Kules. Kagara tsayayya ce, kowa ya san inda take da inda tagoginta ke kallo; igwar da ke bayan tudun ƙasa kuwa ana iya matsar da ita cikin dare.

Taimakon Faransa ya zo a 1669 bai yi albarka ba. A ranar 24 ga Yuli ɗaya daga cikin manyan jiragensu, La Thérèse, ya tarwatse da albarushinsa a gaban birnin, ba da jimawa ba Faransawan suka tattara suka tafi. Kwamandan Benis, Faranchesko Morosini, ya miƙa birnin bisa yarjejeniya, aka bar mutanensa suka fice da kayansu.

A ganina ba adalci ba ne a ce kagarar ta gaza. An gina ta don kada jirgin abokin gaba ya kutsa tashar ya ƙone rumfunan ƙera jirage, kuma daga 1540 har faɗuwar birnin hakan bai faru ba. Ƙofar da ɓarawo ya gani ya kauce ta yi aikinta, ko da ya haura ta katanga.

Turkawa ba su rushe ta ba. Sun ƙara haƙoran bango da ake gani a samanta yau, da wuraren igwa, da ɗan masallaci a kan soron, suka kuma gina ƙaramar Kules a ɗaya gefen bakin tashar, wadda aka rushe a 1936 don faɗaɗa wurin. Ɗakunan ƙasa sun zama kurkukun 'yan tawayen Kirit, ciki har da mutanen yankin Sifakiya na kudu maso yammacin tsibirin bayan boren 1770.

Abin da ke cin ginin yau, da yadda ake gyara irinsa

Gishiri ne kan gaba. Kowace lita ta ruwan gabashin Bahar Rum na ɗauke da kimanin giram 39. Feshin igiya na jiƙa dutse, ruwan ya shige ƙananan kofofinsa, rana ta busar, gishirin ya daskare a ciki ya tura. Yau da gobe fuskar dutsen ta zama gari, ko ta yi ramuka kamar saƙar zuma. Ɓarnar ta fi yawa ba a inda ke cikin ruwa kullum ba, a inda ke jiƙa yana bushewa.

Na biyu ƙarfe. Inda aka ɗaure duwatsu da maƙalar ƙarfe, tsatsa na kumbura ta ninka girman ƙarfen, ta fasa dutsen daga ciki. Magina na da kan zuba narkakkiyar dalma a zagaye da maƙalar don ruwa kada ya taɓa ta. Masu gyara na yanzu suna cire tsohon ƙarfen su sa titaniyom ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Na uku, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye, siminti. A ƙarni na 20 an cike gaɓoɓin tsofaffin gine-gine da yawa a Bahar Rum da shi, da kyakkyawar niyya. Siminti ya fi dutsen ƙarfi kuma ba ya barin danshi ya wuce, sai ruwan gishiri ya rasa mafita ta gaɓa ya bi ta cikin dutsen. Bayan shekaru sai ka ga layin siminti a tsaye cas, dutsen da ke gefensa ya zaizaye ya shige ciki. Abin da ke faruwa ke nan in aka yi wa katangar ƙasa shafen siminti. Ƙa'idar ita ce kwaɓin gyara ya fi dutsen taushi, don shi ya lalace a sake shi, dutsen ya tsira.

Tsarin aikin daga waje ake faro shi. A fara da masu nutso su duba tushe, a cike kogunan da igiya ta yi, a jibge manyan duwatsu a gaba don su karya ƙarfin ruwa. Sai rufi: a toshe duk inda ruwan sama ke shiga, a gyara indararo, domin ruwan da ya sauka cikin cikon bango yana wanke farar ƙasar ya bar rami. Sannan a huda ƙananan kofofi a ɗura kwaɓin farar ƙasa mai ruwa-ruwa, daga ƙasa zuwa sama, da matsi kaɗan. In matsin ya yi yawa fuskar bangon ce za ta ɓalle. A ƙarshe a cire gishiri: a manna wa dutsen jiƙaƙƙen ɓawon takarda ko yumɓu da ruwa mai tsabta, a bari ya bushe ya zuƙo gishirin, a ɓare, a auna, a maimaita. Wanda ya fara da kwalliyar fuska kafin ya tare ruwa, bayan hunturu biyu zai dawo.

An yi wa Kules babban gyara na shekaru, aka sake buɗe ta ga masu ziyara a 2016. A ɗakunan igwar yanzu akwai tulunan da tawagar Jacques Cousteau, Bafaranshe mai binciken ƙarƙashin teku, ta tsamo daga jiragen da suka nutse kusa da Diya a shekarun 1970, da kayan da aka ciro daga La Thérèse. Sabuwar gaɓar tashar zamani ta miƙe daga gindinta wajen kilomita 2 cikin teku, amma fuskar arewa na nan a buɗe, kuma ranar da iska ta taso sosai feshin igiya har kan hanyar shiga yake sauka.